Daga Lamba Ɗaya Zuwa Sha Tara

Ranar Alhamis ce Uwar Kicin ta zo kantin Auta da ƙafarta, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta zuwa wurin mutum don gaisuwa kawai. Ita ke riƙe da kicin ɗin masana'antar takalma, tana ciyar da ma'aikata ɗari uku kullum. Kusan rabin abin da ke fita daga siton Auta a tukwanenta yake ƙarewa: shinkafa, taliya, man girki, ƙwai, tumatirin gwangwani. Ta shigo, Auta ta jawo mata kujera, ko kallon kujerar ba ta yi ba.

"Ba faɗa na zo yi ba," ta ce, da muryar faɗa. "Jiya sai goma da rabi Kawunki ya kawo mini kaya. Goma da rabi fa! Mutane za su fito cin abinci sha biyu da rabi, ni kuwa ina zaune ina gadin ruwan zafi."

"Ki yi haƙuri, Uwa, hanya ce..."

"Wace hanya? Daga nan zuwa ƙofarmu ko da ƙafa minti ashirin ne. Masu Jar Riga sun zo mini sau uku. Sun ce ƙarfe bakwai kayana na bakin ƙofa, kuma a wayata zan riƙa ganin motar tana tahowa. Don darajar mahaifinki nake korarsu, Allah ya jiƙansa. To na gaji. Litinin, ƙarfe bakwai. In bakwai ta yi ban ga motarku ba, kada ki ji haushina."

Ta juya ta fita, ta bar Auta riƙe da kujera.

Masu Jar Riga wani katafaren kanti ne da aka buɗe bara a bakin babban titi, an yi masa wannan sunan ne saboda rigunan masu kai musu kaya. Suna da sito mai girman filin ƙwallo, da motoci goma sha biyu, biyu ma masu firji, da babura ba adadi. An ce akwai wani ɗaki a sama inda mutum ɗaya ke zaune gaban allo yana kallon inda kowace mota take. Auta kuwa abin da mahaifinta ya bar mata shekara biyu da suka wuce bai wuce a lissafa da yatsun hannu ɗaya ba: kanti mai ƙofa biyu, sito a bayansa, tsohuwar motar kaya guda ɗaya, da Kawu, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya shekara ashirin da shida yana tuƙa ta. In Uwar Kicin ta tafi, motar ba za ta iya ciyar da kanta mai ba. Sayar da ita za a yi. Kuma wa zai ɗauki dattijo mai shekara sittin da uku aikin tuƙi, alhali matasa na bin layi? Wannan tunanin ne ya hana Auta cin abincin rana.

Abin haushin, ta san dalilin makarar sarai. Yana nan maƙale a bayan abin tare rana da ke saman sitiyari: wani yankin kwalin sabulu da mahaifinta ya rubuta sunayen masu sayen kaya a kai, daga lamba ɗaya zuwa ƙasa. Ba bisa hanya ya jera su ba, bisa daɗewa ya jera su. Wanda ya fara saye a wurinsa shi ne na ɗaya, shi ake fara kai wa kaya. Sabon mutum ƙasan layi yake shiga, ko da kuwa shagonsa na jikin bangon siton ne. In wani ya rasu ko ya rufe sana'a, a ja masa layi, kowa ya matsa sama. Kuma haka ake loda motar: kayan sababbi can ƙurya, kayan tsofaffi a bakin ƙofa. Uwar Kicin shekara uku kacal ta yi da su, saboda haka ita ce ta sha bakwai cikin sha tara. Da can sunaye ashirin da huɗu ne. Biyar ɗin da suka ragu ba mutuwa suka yi ba, Masu Jar Riga suka koma.

Washegari da asuba Auta ta shiga motar ta zauna kusa da Kawu. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ina zuwa haka?"

"Rakiya zan yi maka, Kawu."

"Shekara ashirin da shida ban ɓata ba, yau za a yi mini rakiya. To, Allah ya kai mu lafiya."

A hannunta akwai wayarta mai tsagaggen gilashi, a ciki ta sa wata manhajar tsara hanyar kai kaya, wadda ake ba mutum wata guda kyauta ya gwada. Manhajar adireshi take so. Wane adireshi? Mutanen Kawu a bakinsa suke zaune: mai burodi na bayan gidan mai, matar da ke daura da mai facin taya, shagon da ke da koren labule. Don haka duk inda suka tsaya sai ta danna allon ta dasa alama a taswira. Suka haye gada zuwa wurin Lamba Ɗaya, wani tsoho mai ɗan shagon kayan masarufi, suka same shi zaune a benci ƙarfe shida daidai. Suka dawo wannan ɓangaren don na biyu da na uku. Suka sake hayewa don na huɗu. Sau biyu suka wuce ta ƙofar masana'antar takalma, kayan Uwar Kicin na can ƙurya ƙarƙashin buhunan wasu, Auta na cizon leɓe.

Da suka gama, wajen sha ɗaya da kwata, ta buɗe taswirar. Hanyar da suka bi ta fito kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Kilomita sittin da ɗaya, gada sau shida. Ta danna wurin da aka rubuta a tsara, wayar ta yi ɗan tunani, ta zana wani layi guda mai lanƙwasa: kilomita ashirin da huɗu, gada sau biyu, an gama kafin tara da rabi. Masana'antar takalma ce ta biyu a sabon tsarin. Lamba Ɗaya, da yake shi ne ya fi kowa nisa, shi ne na ƙarshe.

Ta miƙa wa Kawu. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, ya mayar mata.

"Wannan abar ta san mahaifinki?"

"Kawu..."

"A'a, tambaya na yi. Ta san lokacin da yake tura baro da buhu biyu, kowa na cewa ya dawo gobe, wannan tsohon ya ce sauke duka? Yau don ta iya zane sai a mayar da shi wutsiya?"

"To mu bar kowa a inda yake. Uwar Kicin kaɗai za mu fara kai wa, sai mu koma layi."

Wai ita nan ta samo mafita. Kawu ya girgiza kai. "In na sha bakwai ta tsallake ta zama ta ɗaya don ta fi kowa baki, me zan ce wa na sha shida? Mai burodi ma kullum ƙorafi yake. Kuma in muka fara da ita, bakwai za ta same mu ba mu hau gada ba, kin kuwa ga yadda gadar take bayan bakwai. Kowa sai ya ƙara awa guda. Layi ko dai a bi shi duka, ko a bar shi duka. Ni kuma ba da hannuna za a bar shi ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ƙona mata rai. Da shirme ya yi da ta samu bakin magana.

Da yamma ta kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarta, ta same ta a tsakar gida tana ninke wanki. Inna ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Wannan ƙanen nawa? Tun yana yaro in aka ce ya sa takalmin dama tukuna, sai ya sa na hagu ya tsaya yana kallon mutum. Ni ba zan yi masa magana ba, ɓata yawu ne." Ta ajiye zani a kan tulin. "Amma in gaya miki, mahaifinki bai rubuta kwalin nan don a rufe kanti da shi ba. Lokacin da ya rubuta, mutum huɗu ne kacal. Yanzu kantin a hannun wa yake?"

"A hannuna."

"To me kike yi a nan? Riƙe mini bakin zanin gadon nan."

Ranar Asabar Auta ta wuni a sito. Ta sa alli ta raba daɓen gida sha tara, ta rubuta sabuwar lambar kowa, ta jera kayan kowa a gidansa, yadda wanda za a kai wa a ƙarshe shi zai fara shiga mota. Ta shigar da lambobin wayar mutanen cikin manhajar daga tsohon littafin mahaifinta, ta danna wurin da ke tura wa kowa saƙon sabon lokacinsa. Alamu sha tara suka yi kore, an tura. Ta ji daɗi har ta yi wa wayar murmushi. Kawu na zaune a bakin ƙofa yana goge fitilar motar da ba ta da datti. Da za a tashi ya zo ya ajiye makullin motar a kan teburinta a hankali.

"Ba fushi na yi ba," ya ce. "Amma ki nemi wanda zai bi zanen."

"Na samu, Kawu."

"Wa?"

"Ni."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba.

Tana da lasisi, wannan gaskiya ne. Amma ƙaramar motar makarantar koyon tuƙi daban, wannan tsohuwar daban. Giyarta sai an lallaɓa ta, ta biyu ba ta shiga sai ka ɗan ja ta gefe kamar kana roƙonta, kulocinta kuwa ya fi ƙarfin ƙafar mai azama. Ranar Lahadi da hantsi Auta ta shiga filin bayan sito ta tayar da ita. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake tayarwa, ta mutu. A karo na biyar ta tafi, Auta ta nemi giya ta biyu, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, wata ƙara ta tashi wadda ta sa tantabarun saman rufi watsewa. Gumi ya jiƙe mata baya, haushin kanta ya cika ta har ta ji kamar ta fasa kuka. Ba ta sauka ba. Ta zagaya filin, ta dawo, ta sake, giyar na ihu duk zagaye. In ma a giya ta ɗaya za ta je masana'antar gobe, wallahi sai ta je.

Ashe Kawu na tsaye a bakin katanga tun ɗazu. Wai wucewa ya zo yi, mutumin da gidansa ke can wani ɓangaren gari. Duk ƙarar da giyar ta yi sai ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa. A zagaye na tara ya kasa. Ya shigo tsakiyar filin ya ɗaga hannu biyu.

"Tsaya! Tsaya, don girman Allah! Me ta yi miki? Sauko!"

Ta sauko. Ya karɓe makullin daga hannunta, ya shafa murfin injin.

"Ki ji da kyau. Ba don wayarki ba, ba don matar kicin ba. Don giyar nan ne, kafin ki kashe mini ita. Ƙarfe nawa ake lodi?"

"Biyar da rabi, Kawu."

"Biyar da kwata. Zanenki bai san taya na buƙatar iska ba."

Litinin, gari bai gama wayewa ba suka loda. Da hannunsa Kawu ya ɗauki buhun Lamba Ɗaya da katan ɗinsa biyu ya kai su can ƙuryar da ba su taɓa shiga ba, ya fito bai kalli kowa ba. Auta ta maƙala wayar a jikin gilashi. Suna fita wata muryar mace ta ce daga ciki a juya hagu.

"Na sani," in ji Kawu.

Muryar ta ce a ci gaba mita ɗari biyar.

"Baiwar Allah, tun ba a haife ki ba nake bin titin nan."

Haka suka tafi, ita tana faɗa, shi yana ba ta amsa, amma duk inda ta ce nan yake juyawa. Sau ɗaya kawai ya ƙi, da ta nuna wani lungu. Ya ce masu kayan lambu na baza kaya a nan tun asuba, ko keke ba ya wucewa. Ya bi ta gaba, wayar ta yi shiru, ta sake zana hanya ta bi shi. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, har ya gyara zaman hularsa.

Mai burodi suka fara saukewa, ya fito da fulawa har gira yana tambaya ko lafiya. Ƙarfe bakwai saura minti ashirin motar ta tsaya a ƙofar kicin ɗin masana'antar. A can gefe ga wata motar Masu Jar Riga, sabuwa fil, tana sauke wa shagon ma'aikata lemo. Uwar Kicin ta fito tana ɗaura atamfar aiki a ƙugu, ta dubi agogon hannunta, ta dubi Auta. Kada ka ɗauka rungume ta ta yi. Ƙwai ta hau dubawa, kiret bayan kiret, tana neman fasasshe ba ta samu ba.

"Yau kam kun yi," ta ce. "Gobe fa?"

"Gobe ma, Uwa. Da jibi."

"Za mu gani. Ku shigo da man ciki, ba a bakin ƙofa nake soya ba."

Da suka koma mota daɗi ya cika Auta. Motar ta tsira, Kawu ya tsira. Shi kuwa fuskarsa a ɗaure ya tayar da motar. Sauran aikin ya tafi sumul. Mutane sun ga saƙo, kowa na bakin shagonsa. Sai bayan cunkoson ya lafa suka hau gada, motar na ta sauƙi har ana jin buhun ƙarshe yana zamewa a baya in an taka birki.

Tara da minti goma suka shiga titin Lamba Ɗaya. Tun daga nesa Auta ta ga shagon a rufe, da kwaɗo. Bencin ba kowa. Sai can a bakin mahaɗa, inda ake jiran motar haya, ta hango shi tsaye cikin rana, sanye da rigarsa ta fita unguwa, da takalmi rufaffe, da sanda. Yana ganin motar ya saki sandar ta faɗi ƙasa.

Kawu ya taka birki a tsakiyar titi ya fito. Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu, ya taɓa kafaɗarsa, ya taɓa ƙirjinsa, sannan ya leƙa ya ga Auta.

"Kai ne. Ke ma ga ki. To wa ya rasu? Innarku ce?"

"Ba wanda ya rasu, Baba," in ji Auta. "Ba ka ga saƙo ba? Na turo ranar Asabar."

"Wane saƙo? Wayar ɗana ce kuke da ita, shi kuwa shekara huɗu ke nan da ya bar garin." Muryarsa na rawa. "Tun shida nake zaune. Bakwai ta yi, takwas ta yi. Shekara ashirin da shida, sau ɗaya motar nan ta taɓa wuce shida ba ta zo ba, ranar da aka wayi gari babu mahaifinki. Sai na rufe shago na sa riga. Gidanku za ni."

Kawu ya juya baya, ya tsaya yana kallon tayar mota. Auta ta durƙusa nan a gefen titi, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Alama ta yi kore a allo, ita kuma ta ɗauka ta gama da mutum. Da ta tako ta zo da kanta ranar Asabar, minti arba'in ne kawai. Ta ba shi haƙuri, ta gaya masa komai ba ta rage ba: Uwar Kicin, Masu Jar Riga, mutum biyar da suka tafi, gada sau shida, motar da za a sayar. Ya saurara yana kallon saman kanta.

"Yanzu ni ne na ƙarshe ke nan."

"Kai ne ka fi nisa, Baba."

"Na ji. Gobe fa?"

Kawu ya waigo ya dube ta. Ta san abin da yake so ta ce, ita ma bakinta shi yake so ya faɗa. Kalma ɗaya ce, shida, tsohon ya yi murmushi, kowa ya tafi da daɗin rai, bayan wata biyu kuma a zo a ja motar. Hawaye na zubo mata, ta ɗago ta dube shi.

"Ƙarfe tara, Baba. Gobe da kullum."

Tsohon ya nuna sandarsa, ta ɗauko ta miƙa masa. Ya taka a hankali zuwa shagon, ya laluba aljihu, makullin ya ƙi shiga kwaɗon sai a karo na uku. Ya ture ƙofar, ya tsaya a bakinta bai juyo ba.

"To taran ma kada ku makara," ya ce. "Zuciyata ba za ta ɗauki irin na yau sau biyu ba."

Auta ta share fuska da bayan hannu, ta hau bayan motar, ta shiga har ƙurya ta jawo buhunsa.